Kada a Yanka Sai Na Dawo

Luque, 4 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Ña Liduvina, matar marigayi Don Eleuterio Ozuna, Piribebuy.

Ranki ya daɗe,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma miƙa ta'aziyyata a kan rasuwar maigidanki. Allah ya ba shi hutu, ya ba ki ƙarfin zuciya.

Sunana Anastasio Riquelme, akawun kotu ne ni a nan Luque. Ba ki san ni ba. Na haɗu da marigayi a taron Lahadi na masu tara tsofaffin takardu a Asunción, inda kowa ya shaida babu wanda ya kai shi sanin takardun lamunin da gwamnati ta sayar wa jama'a don ɗaukar nauyin yaƙin Chaco.

A watan Fabrairu na damƙa masa amanar takarda guda daga cikin irin waɗannan. Koriya ce, ta peso hamsin, lambarta 2086. Ƙananan tikitocin da ke jikinta, waɗanda ake yankewa a karɓi riba, duk suna nan, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ba mu yi rubutu a tsakaninmu ba, domin mutum irinsa ba a neman sa hannunsa.

Na jira har aka gama addu'ar kwana tara kafin in dame ki. Ina roƙon ki sa mini ranar da zan zo in karɓa.

Naki cikin ladabi,
Anastasio Riquelme

*

Piribebuy, 11 ga Mayu

Ƙanwata Crescencia,

Ina gaishe ki, ina gaida yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Da fatan motar Villarrica ba ta ƙarasa ta ba ranar da kika koma.

Ni ina nan. Har yanzu da hantsi sai in ga na zuba ganyen tereré, shayinmu mai sanyi, na mutum biyu. In na tuna sai in zauna in shanye nawa da na yayanki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun da kuka watse gidan nan bai huta ba. Kin tuna mutumin nan mai takalmi mai walƙiya da ya zo ranar ƙarshen addu'a, wanda ya ci gurasar chipa huɗu idonsa na kan kabad? Ya dawo. Ya zauna a kujerar yayanki ba wanda ya ba shi, ya ce, "Ña Lidu, takardun nan kwari ne za su cinye su. Bari in rage miki nauyi." Na ce, "Kwarin sun yi shekara talatin suna jira, za su iya ƙara wata guda." Ya ce, "Don Eleuterio ɗan'uwana ne fa." Na ce, "To wace irin cuta ta kashe ɗan'uwan naka?" Sai ya kama tari. Maƙwabciyata Ña Tomasa tana shara a bakin ƙofa, ta ɗaga murya ta ce, "Ka sha ruwa, ɗan'uwa, kada mu yi wata addu'ar kwana tara!"

Bayansa wasu biyu sun zo. Yanzu kuma ga wasiƙa daga wani akawun kotu a Luque, na sa miki ita a ciki ki karanta. Shi bai ce zai saya ba. Cewa ya yi ɗaya daga cikin takardun tasa ce, wai amana ya bayar. Babu takarda, babu shaida, sai lamba.

Ban yi masa rashin adalci ba, Crescencia. Na sa tabarau, na fito da manyan littattafan nan bakwai da yayanki yake jera takardunsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Kwana biyu na yi. Akwai 2071, akwai 2090. Babu 2086. Kuma kin san yayanki, ko allura ya ara sai ya faɗa mini. Bai taɓa ce mini wani ya ba shi ajiya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar tikitoci. Ni ban yi makaranta mai nisa ba, amma shekara talatin ina jin magana ɗaya a kan tebur: wadda ba a yanke tikitinta ba ita ce ake nema ido rufe, don kusan kowa ya yanke nasa a lokacin yunwa. Mutumin nan ya san abin da yake tambaya. Ina jin so yake in buɗe masa littattafan, ya nuna wata ya ce ai ita ce, ya manta lambar ne.

Ban taɓa komai a ɗakin aikinsa ba. Kwanon sitacin rogon da yake manne takardu da shi yana nan ya bushe. Abu ɗaya kawai na ɗauka, ke ma kin gani. Wata tsohuwar takarda mai datti da na tarar a kan teburinsa, wadda ya yi makonni yana shafawa, har da 'yan rubuce-rubucensa na fensir a kai. Ita na naɗe na sa masa a hannu tare da carbinsa kafin a rufe akwatin. Haka uwata ta yi wa ubana da wuƙar aikinsa. Mutum ya tafi da abin da hannunsa ya taɓa na ƙarshe.

Ki ba ni shawara, in amsa masa ko in yi shiru?

Ki gaida kowa. Taki,
Liduvina

*

Villarrica, 17 ga Mayu

Amaryarmu,

Shekara arba'in da ɗaya a gidanmu amma har yau sai an ce miki ki rufe ƙofa. Ina gaishe ki. Ƙafa tana nan, ita da ni muna zagin juna.

Na karanta wasiƙar akawunki sau biyu. Kai, ladabi kamar zai zubo ƙasa! "Mutum irinsa ba a neman sa hannunsa." Akawun kotu, wanda ko gaisuwa sai ya buga mata hatimi, shi ne zai ba da abu mai daraja ba rubutu? Ni ma gobe zan rubuto miki cewa na ba yayana amanar saniya, baƙa, mai ƙafa huɗu, ki sa mini ranar karɓa.

Waɗannan mutane jarida suke karantawa, shafin mutuwa kawai. Suna ganin sunan mai tara kaya sai su wanke riga su nemi gidan matarsa. Mai takalmi ya zo ta gaba bai samu ba, to wa ya ce miki ba shi ne ya turo akawun ta baya ba?

Kada ki bari ya taka soronki. Kada ki ba shi ko ruwa, don na san ki, kina ba mutum ruwa kin ba shi gidan. Ki sa wa kabad ɗin kwaɗo, makulli a wuyanki. In kin ga dole sai kin amsa, to ki gwada shi. Gaban takarda kowa ya sani, bugun inji ne. Ki tambaye shi abin da inji bai buga ba. Maƙaryaci a nan yake zamewa.

Kuma ki ci abinci. Tomasa ta aiko mini cewa rogo kawai kike tafasawa. Yayana bai auri sanda ba.

Ƙanwar mijinki da ta fi ki wayo,
Crescencia

*

Piribebuy, 22 ga Mayu

Don Anastasio,

Ina amsa gaisuwarka, na gode da ta'aziyya.

Ni ba na iya doguwar magana. Na duba kayan maigidana kaf, babu lambar da ka faɗa. Bai taɓa ambata mini sunanka ba. Tun da ya rasu mutum uku sun zo, kowa da labarinsa, kai ne na huɗu. Kada ka ji haushi in na ce ban yarda da kai ba. Ban san ka ba, kuma wanda ya san ka ba ya nan.

Kada ka zo tukuna. In takardar taka ce, ka san ta kamar yadda uwa ta san bayan ɗanta. Launi da lamba kowa zai iya ji a bakin mutane. Ka faɗa mini abin da yake jikinta wanda ba gwamnati ce ta sa ba. Ka kuma faɗa mini dalilin da zai sa mutum ya ba da irin wannan abu ba rubutu.

Ka huta lafiya.
Liduvina, matar Ozuna

*

Luque, 29 ga Mayu

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa kamar yadda ta kamata. Wasiƙarki ta iso, kuma tun da kin fito fili, ni ma zan fito.

Ranar Lahadin da ta wuce wani dillali yana yawo a taro yana cewa kayan Ozuna sun kusa shiga hannunsa. Bayan kwana uku sai ga amsarki cewa takardar ba ta nan. Shekara ashirin da shida ina rubuta maganar mutane a kotu, na ji "ban gani ba" iri-iri. Ban ce kin sayar ba. Amma ba zan ɓoye miki cewa na yi tunanin haka ba.

Ga abin da kika tambaya. Ni ba mai tara takardu ba ne. Takardar ta mahaifiyata ce, Ña Hermelinda, shekarunta saba'in da uku. Tana da shekara bakwai mahaifinta, Sinforiano Aquino, ya sayar da bijiminsa na noma ya sayi takardar, mako guda kafin ya shiga jirgin ruwa zuwa fagen yaƙi. Bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba, ba a san inda ya faɗi ba.

Takardar ta yage a inda ake naɗe ta, shi ya sa na kai wa maigidanki ya gyara, don an ce hannunsa ya fi na kowa. Ban nemi rubutu ba saboda da ya karanta bayanta sai ya cire hularsa. Na ji kunyar in miƙa masa alƙalami.

A bayanta akwai tabon ganyen shayi a kusurwar hagu, mai faɗin babban yatsa. Akwai layi uku da fensir, rubutun mutumin da bai saba riƙe fensir ba: "Ta Hermelinda ce. Kada a yanka sai na dawo. Mu yanka tare in saya mata takalmi." Wannan ne dalilin da tikitocin suke cike. Sun sha yunwa, kakata ba ta yanka ba.

Mahaifiyata ba ta da lafiya. Kullum tana tambayata ko an gama gyaran. Na ce mata sitaci bai bushe ba. Ba zan iya faɗin haka har abada ba. In abin ya fita daga hannunki, ki faɗi wanda ya karɓa, zan bi shi. Ba na so in bi hanyar da aikina ya koya mini, amma na san ta.

Naki,
Anastasio Riquelme

*

Piribebuy, 3 ga Yuni

Crescencia,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Akawun ya amsa, ga wasiƙarsa nan na sa miki, kuma bai zame ba. Ni ce na zame. Ya ce gyara ya kawo. Ya ce akwai tabon shayi a kusurwa da layi uku na fensir. Ina karantawa na gane ta.

Takardar da na sa wa yayanki a hannu ita ce. Kin san ta baya ake manne yagaggiyar takarda, a kife take a kan tebur, ban taɓa juya ta ba. Ranar ban san inda tabarauna yake ba, kuma ko da yana nan hawaye ba zai bar ni in gani ba. Na ga fensir na ɗauka rubutunsa ne. Tabon kuwa na gan shi sarai, har na sa yatsa na goga. Shi ya sa ba ta cikin littattafan, yayanki ba ya haɗa nasa da na mutane.

Kayan wata baiwar Allah na binne, Crescencia. Abu ɗaya tak da ubanta ya bar mata.

Amma duk da haka zuciyata ba ta kwanta da mutumin ba. Ya rufe wasiƙarsa da maganar kotu. Wa ya sani ko da gaske akwai tsohuwar? Wataƙila a taron Lahadi ya ga takardar a hannun yayanki ya haddace rubutun. In na faɗi gaskiya, mutum mai sanin alƙalai ba zai iya samo izinin tona kabari ba? Jiya na je na canza ƙyallen da ke kan gicciyensa, na tsaya ina kallon ƙasar, ko ciyawa ba ta gama fitowa ba. In kuma na yi shiru, za a ce Ozuna ya ci amana, shi da bai taɓa cin ta kowa ba.

Me zan yi?

Liduvina

*

Villarrica, 8 ga Yuni

Liduvina,

Yau babu wasa. Na gaishe ki.

Ki rufe bakinki. Ni kaɗai na ga abin da kika sa a akwatin, ni kuma ban ga komai ba. Kin ce masa ba ta cikin kayan, kuma ba ki yi ƙarya ba, ba ta ciki. Ki tsaya a nan. Ya je ya bi mai takalmi, su cinye juna.

Ba zan yarda a sa shebur a kan yayana saboda takarda ba, ko da Sinforianon ne da kansa ya dawo daga Chaco da ƙafarsa. Tsohuwar, in akwai ta, ta yi shekara sittin da shida ba uba, za ta iya ƙarasawa ba takarda.

Na san ki. Ina ganin ki daga nan kina neman alƙalami. Ki ajiye shi, amarya.

Crescencia

*

Piribebuy, 15 ga Yuni

Don Anastasio,

Ina gaishe ka, ina gaida mahaifiyarka da jiki.

An ba ni shawara in yi shiru. Na gwada kwana biyar, abinci ya ƙi shiga.

Ban sayar da takardarku ba. Tana hannun maigidana, a cikin kabarinsa. Ni na sa masa ita da hannuna. A gidanmu in mutum ya rasu muna haɗa shi da abin aikin da ya taɓa na ƙarshe. Na tarar da ita a kife a kan teburinsa, na ɗauka tasa ce. Shi ba shi da laifi ko kaɗan. In za ka faɗa a taronku na Lahadi, ka ce matar Ozuna ce ta yi wauta, kada ka ce Ozuna ya ci amana.

Ba zan ɓoye maka ba, har ranar Asabar ban gama yarda da labarinka ba. Sai na tuna yadda yake aiki. Duk takardar da ke da rubutun fensir, ba ya kai mata danshin sitaci sai ya fara manna ta a gilashin taga da rana, ya ɗora takarda shara-shara a kai, ya bi rubutun a hankali yadda mai shi ya yi, ko da ruwa zai ɓata wani harafi. Ina yi masa dariya, in ce, "Tsoho, ka koma aji ɗaya?" Ya ce, "Takardar gwamnati ce, Lidu, amma hannun na mutum ne."

Na buɗe gwangwanin biskit ɗin da yake tara su. Wadda ya kwafi rubutun takardarku a kanta ce a sama. Layi uku, kamar yadda ka faɗa, har da inda fensirin ya karkace a kan kalmar takalmi. A ƙasa ya rubuta da nasa hannun: "Ta Ña Hermelinda, uwar Riquelme na Luque. A mayar kafin Ista." Kwana goma bayan Ista ya rasu, bai tashi daga gado ba tun kafin nan. Ka ga ashe ya ambaci sunanka, ni ce ban duba inda ya ajiye shi ba. Ka yafe mini zargin da na yi maka.

Ga ta nan na sa tsakanin kwali biyu. Ba ita kuka bayar ba, na sani. Akwai koraye na peso hamsin a littattafansa, ka zo ka zaɓi wadda kake so, ko duka, amma na san ba koriyar takarda mahaifiyarka take jira ba.

Saura magana ɗaya. Ka san hanyar kotu, ni ban sani ba. In kun ce sai an tona, ba ni da bakin hanawa, hakkinku ne. Roƙona kawai ka faɗa mata gaskiya, ka daina ce mata sitaci bai bushe ba. Abin da ta ce, shi za a yi. In tonawar ce, ku sanar da ni da wuri in tsaya a wurin, kada ya ga baƙi kaɗai.

Ina jiran amsa.
Liduvina

*

Luque, 21 ga Yuni

Ña Liduvina,

Ina gaishe ki, ni ma ina neman gafara.

Na karanta mata wasiƙarki duka. Ta riƙe takardar shara-shara a saitin taga ta daɗe, ta ce hannunsa ne. Sannan ta tambaya ko kabarin yana da gicciye da suna. Na ce yana da su. Ta tambaya ko ana kunna masa kyandir. Na ce ina jin kullum.

Ta ce, "Shekara sittin da shida ban san inda zan kai wa babana kyandir ba. Kada wanda ya taɓa ƙasar nan."

Za mu zo ranar Lahadi da motar safe, in jikinta ya yarda. Ta ɗinka ƙyallen gicciye, tana tambaya ko za ki bari a ɗaura shi kusa da naki. Ta ce kuma ki tafasa rogo da yawa, ita ba ta cin abincin hanya.

Naki,
Anastasio